Ɗakin da Mai Labule Ta Rufe

A layin nan kaf babu mai kiranta da wani suna sai Mai Labule. Shagonta yana ƙasan benen da suke zaune, ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe, da keken ɗinki biyu, da dogon tebur wanda bakinsa ya yi sulɓi saboda gogar yadi. Tun tana budurwa ta koyi ɗinki a hannun gwaggonta, ta fara da riguna kamar kowa. Ba ta daɗe ba ta gane ita da jikin mutane ba za su shirya ba. Ka auna mace yau, ta je ta ƙara ƙiba ta dawo, ta ce tela ce ta cinye mata yadi. Taga kuwa yadda ka auna ta haka za ka tarar da ita. Sai ta tattara ta koma labule, ta zauna a kansa har furfura ta cika mata kai.

Tana da wata al'ada a aikinta. Duk labulen da ta gama, kafin ta ninke shi, sai ta fito da shi bakin shago da tsakar rana, ta ɗaga shi ta cusa fuskarta a baya. In ta hango haske ya ratso ta bakin ɗinki, ko da kamar tsinin allura ne, farke shi take yi ta sake. Wannan ya sa masu aikin dare suka zama mutanenta: masu gadi, da masu jinya, da direbobin doguwar hanya. Su ne ke gaya wa juna, "In kana son barcin rana irin wanda ko ɓarawo ya ɗauke ka ba za ka sani ba, je wurin Mai Labule."

Mijinta mai gyaran famfo ne, kuma da hakan aka san shi. Ita ba ta da yawan magana, shi kuwa bakinsa ba ya hutawa. Gwamna yake ce mata, wai don ko cokali ba ya sauya wuri a gidan sai da izininta. Ita kuma Malam take ce masa. 'Ya'yansu uku. Maza biyu sun yi nisa wurin neman abinci, sai Auta da ke aure a ɗaya gefen gari, wadda ba ta rufa mako ba ta leƙo ba.

Tun kafin ya aure ta Mai Famfo ke kiwon tantabaru. Kejinsu yana saman rufin benen. Kafin ka kai can sai ka gama matakala, sannan ka kama wani tsani na ƙarfe da ke tsaye cak, ka fita ta wata ƙaramar ƙofa a rufin. Kullum la'asar, da ya ajiye jakar kayan aiki, can yake nufa. Ya buɗe keji, ya yi fito, ya tsaya yana kallonsu suna zagaya unguwa.

"Yini nake a duƙe ƙarƙashin wurin wanke kwanukan mutane," in ji shi. "Wuyan nan nawa shi ma yana da haƙƙin ya kalli sama."

Ciwon a hankali ya shigo. Da farko nama ne ke tsaya masa a ƙirji, sai ya bi shi da ruwa yana dariya, wai bututu ya fara tsatsa. Daga nan shinkafa, daga nan burodi. Lokacin da ya yarda aka je asibiti, shayi ma sai ya yi ta kurɓa kaɗan-kaɗan kamar jariri. Aka yi gwaje-gwaje aka ce ƙari ne a hanyar abinci, irin na ciwon daji, kuma ya wuce a yanke shi.

Likitar wata mata ce siririya, mai magana a hankali. Ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Baba, abin da za mu yi ba zai raba ka da cutar ba. Amma muna sa ran zai buɗe hanya, ka ci abinci, ka samu ƙarfinka na wani lokaci."

"Wani lokacin ma ai lokaci ne," in ji shi. "Faɗi mu ji."

Ta yi musu bayani. Za a yi masa allurar wani magani da zai zaga jiki, amma ya fi taruwa a cikin ƙarin da ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi. Shi kaɗai ba ya komai, kamar mai barci yake. Bayan 'yan kwanaki za a zura siririn bututu ta baki har wurin, a haska masa wani jan haske. Hasken ne ke tayar da maganin, ya ƙone ƙarin daga ciki, ya kuma toshe jijiyoyin da ke kai masa jini.

Mai Famfo ya gyara zama, idonsa ya kawo haske. "Wato za ku datse masa ruwa tun daga babban layi."

"Kusan haka ne, Baba."

"Kash! 'Yata, kin yi asarar sana'a. Da wurina kika zo da tuni kin zama ƙwararriya."

Likitar ta yi murmushi, sannan ta juyo wurin Mai Labule. Ta ce akwai sauran magana, kuma ita ce mai nauyi. Maganin ba a ƙarin kaɗai yake zama ba, yana saura a fata da ido har fiye da wata guda. A tsawon wannan lokaci rana abokiyar gaba ce, haka duk wata fitila mai ƙarfi. In zai fita dole sai da safar hannu, da hula mai faɗi, da baƙin tabarau, da riga mai dogon hannu.

Tun daga kalmar rana hankalin Mai Labule ya bar ɗakin likita ya koma gida. Taga biyu a ɗakin kwana, ɗayar tana kallon yamma. Akwai rata a ƙarƙashin ƙofa. Akwai sauran baƙin yadi mai kauri a shago, ko zai isa? Tana cikin wannan lissafi likitar ta ƙara da cewa, "Amma Mama, kada a zaunar da shi cikin duhu. Hasken ɗaki na yau da kullum ba ya cutarwa, shi ne ma ke taimaka wa maganin ya bar fata a hankali." Mai Labule ta gyaɗa kai. Maganar ta shiga kunnenta, amma ba ta samu wurin zama ba.

Watakila da ta tuna da ita daga baya, in ba don abin da ya faru ranar da aka sallame su daga asibiti bayan an yi masa aikin ba. An naɗe shi tsaf, an sa shi a kujerar bayan motar maƙwabcinsu, wani tsohon direba da suka shekara da shekaru suna tsokanar juna. A hanya barci ya ɗauke shi, hannunsa ya zame ya kwanta a jikin gilashi. Tsakanin bakin safar da hannun riga aka samu 'yar tazara, faɗin yatsa biyu. Washegari wurin ya kumbura ya yi ja zur, ya tashi da bororo kamar an ɗora masa dutsen guga. Mai Labule ta riƙe hannun tana kallo. Duk rayuwarta tana kare mutanen da ba ta sani ba daga rana, yau ga rana ta ci mijinta a gabanta.

A ranar ta rufe shago. Ta yi wa tagogin ɗakin labule mai ninki uku: shuɗi mai kauri a waje, baƙi a tsakiya, wani baƙin a ciki. Ba ta yarda da rataya ba, don labulen da aka rataya iska na ɗaga shi. Sai ta samo siraran katako ta danne gefunan ta buga ƙusa. Ta ɗinka doguwar matashi ta cusa mata tsumma ta toshe ƙasan ƙofa. Ta rataya wani labulen a barandar da ke kaiwa ɗakin, yadda ko an buɗe ƙofa haske ba zai biyo mutum ba. Ta kwance ƙwan fitila ta ɓoye. Abinci kuwa da 'yar tocila take kai masa, wadda ta sa wa safa a baki, tana haska ƙasa. Da ta gama ta tsaya a tsakiyar ɗakin da rana tsaka, ta ɗaga tafin hannunta gaban fuskarta, ba ta ga komai ba. Duhu dunɗum. A ranta ta ce ba ta taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba.

Maganin ya yi abin da aka ce zai yi. Bayan 'yan kwanakin zafi a ƙirji da tofar da yawu, wata safiya ya haɗiye burodin da aka jiƙa da shayi, ya wuce sumul. Sai ya ce, "Gwamna, ruwa ya dawo." Daga nan ƙwai, daga nan shinkafa mai laushi, har ya fara ƙorafin gishiri bai ji ba. Muryarsa ta dawo, ƙafarsa ta yi ƙarfi. Tana jin sa yana kai da komo a ɗakin, yana lalube da bango, daga gado zuwa ƙofa.

Direba ne ya karɓi kula da tantabarun, yana tsallakowa daga nasa rufin. In ya sauko sai ya tsaya a bayan labulen baranda ya ɗaga murya.

"Ina angon? Har yanzu ba a ba ka izinin fitowa ba?"

"Rufe min baki, tsohon banza. Ka sauya musu ruwa?"

"Na sauya. Farar nan mai gajeren baki ta ƙyanƙyashe, guda biyu, munana kamar kai."

"Kada ka taɓa su da hannun nan naka mai warin man mota. Ina nan tafe."

Daga nan sai ya koma ya zauna a bakin gado, ya karkata kunne sama. Da la'asar akan ji fuka-fukansu a kan rufi. Shi kaɗai abin da yake jira ke nan, ranar da za a ce ya fita, ya kama tsanin nan ya hau.

Auta ce ta fara magana. Ta zo ta yi karo da kujera a duhun har ta fasa ƙwauri, ta fito ta samu uwarta a kicin.

"Umma, anya haka aka ce a yi? Ni fa kamar na ji Baba ya ce likita ta ce hasken ɗaki ba komai."

"Kin ga hannunsa?"

"Na gani, amma ai wannan rana ce, Umma."

"Haske duk haske ne. Likita ta san magani, ban musa ba. Haske kuwa tun ba a haife ta ba nake fama da shi. Ki ba shi ƙofa kamar ramin allura, ki dawo ki tarar ya cika ɗaki."

Auta ta bar maganar. A gidan nan ba a saba ja da Umma a kan abin da ya shafi taga ba. Shi ma Mai Famfo ya gwada tasa dabarar.

"Ranki ya daɗe, talakanki na neman alfarma. A ɗaga gefe ɗaya, ko na ga launin shayin da nake sha."

"In ka warke ka gani."

"Na shiga ramin masai, na shiga tankin ƙarƙashin ƙasa, wallahi ban taɓa haɗuwa da duhu irin naki ba. Wannan ai sai a ba ki lambar yabo."

Ta ɗauki maganar a matsayin yabo, domin da dariya ya faɗe ta. Duk abin da ke damunsa da dariya yake faɗa, ita kuma ta saba ɗaukar dariyar ta bar sauran. In sun je asibiti a naɗe, masu jinya kan tambaya, "Ana kiyaye rana dai ko?" Ta ce, "Sosai ma." Sai a wuce zuwa wata tambayar.

Da lokacin da aka ɗiba ya cika, suka yi gwajin da aka koya musu a asibiti don a ga ko maganin ya bar fata. Aka sa hannunsa a jakar takarda da aka huda wa 'yar ƙofa a baya, ya miƙa shi cikin rana na ɗan lokaci. Tun da safe ya sa aka goge masa takalmi, yana sa ran fita. Washegari wurin ya yi ja ya kumbura. Aka ce a ƙara jira. Mai Labule ta ce lalle akwai inda haske ke satar shiga. Ta bi ɗakin kusurwa-kusurwa har ta gano ramin makulli, ta toshe shi da auduga, ta ƙara wa tagar yamma ninki na huɗu. Aka sake gwaji bayan wani lokaci, hannun ya sake yin ja. A wannan karon bai yi barkwanci ba. Ya kwanta ya juya fuska bango. Kai da komon da yake yi ya ragu, barcinsa ya rikice, bai san safe ba bai san yamma ba sai in ya ji fuka-fuki.

Da suka koma, likitar ta daɗe tana juya hannun. Ta ce akwai waɗanda abin ke daɗe musu, amma bari ta tambaya.

"Baba, wane irin haske ne a ɗakin da kake yini?"

"Haske? 'Yata, rabona da ganin fuskar matata a gida har na manta. Sai na zo nan nake tabbatar da ba a musanya min ita ba."

Mai Labule ta ɗaga kai, da ɗan alfahari a muryarta. "Ko ƙwayarsa ba ta shiga. Ni na yi aikin da hannuna."

Likitar ta ajiye alƙalaminta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sake faɗin abin da ta faɗa tun ranar farko, cewa haske mai laushi na cikin gida shi ke cinye ragowar maganin a fata kaɗan-kaɗan, yadda yadi ke koɗewa in ya daɗe a taga. A cikin duhu kuwa babu abin da zai taɓa shi.

Yadda yadi ke koɗewa. Wannan Mai Labule ta san shi fiye da kowa a ɗakin. Sai a lokacin maganar farko ta dawo mata, kalma bayan kalma, har da yadda ta gyaɗa kai.

"Likita," ta ce, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba, "ni na ja masa ke nan?"

"Ba zan iya cewa haka ba, Mama. Watakila ko da an bar hasken, da ya daɗe. Abin da na sani shi ne duhun bai taimaka ba."

Ta so a ce mata e, ko a ce mata a'a. Ko wanne aka ba ta za ta san yadda za ta ɗauke shi. Wannan amsar kuwa ba ta da inda ake kama ta.

Suna isa gida ta ɗauko abin cire ƙusa ta ɓamɓare katakon, ta sauke ninki huɗun ta jibge a baranda, ta rataya farin yadi marar nauyi. Da hasken ya shigo ta ga ɗakin, ta kuma ga mijinta. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A bango, daidai tsayin kafaɗa, akwai doguwar alamar dauɗa daga gado zuwa ƙofa, inda hannunsa ya yi ta bi.

Ba a jima sosai ba gwaji ya yi kyau, hannun bai ce komai ba. Sai dai kafin nan shinkafa ta soma tsaya masa kuma. Ƙarfin da likita ta ce zai samu na wani lokaci ya zo, ya zauna da shi a cikin duhu, ya kama hanyar komawa.

Duk da haka da la'asar ta yi ya ce a ba shi takalminsa. Auta ta riƙe shi ta dama, Direba ta hagu. Matakalar da a da yake haye ta yana waƙa, yau sai da ya huta a kowace kwana. Da suka kai gindin tsanin ƙarfen ya kama shi da hannu biyu, ya ɗora ƙafa ɗaya, ya yunƙura. Ƙafar ta yi rawa ta ƙi ɗaukarsa. Ya sake gwadawa. Sannan ya saki, ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango yana haki.

"Bari na goya ka," in ji Direba.

"A wannan tsanin? Mu faɗo mu biyu a rasa wanda za a fara yi wa kuka? Bar shi." Ya ɗaga kai. Ƙofar rufin a buɗe take, ana ganin sama ta cikinta, faɗin tabarmar mutum ɗaya. "Gwamna, hau ki buɗe musu."

Ta tattare zaninta ta hau, gwiwoyinta na ƙara. Da ta fito kan rufin iska ta buge ta, ga sarari ko'ina, ga rana ta yi laushi ta kwanta a kan gidaje. Ta tsaya tana tunanin yammaci nawa irin wannan suka wuce lokacin da ƙafarsa ke iya hawa. Ta zare sakatar kejin, tantabarun suka tashi fuu, suka yi sama.

Daga ƙasa ya haɗa leɓe zai yi fito, iska kawai ta fita. Ya zauna yana jira, in sun gifta ta saman ƙofar ya gan su kamar ƙiftawar ido, sai kuma su ɓace.

"Me suke yi yanzu?" ya tambaya.

"Suna zagayawa."

"Ta ina? Wa ke gaba?"

"Wata fara… ko toka-toka ce. Malam, ban san su ba."

"Shekara nawa kina auren mai tantabaru," in ji shi, yana dariyar da ta ƙare da tari.

Ta durƙusa a bakin ƙofar ta leƙo shi. "Malam, ka yafe min."

"Me kika yi? Ni fa ban taɓa samun barci irin na ɗakin nan ba. Matsa gefe, kin tare min sama."

Ta matsa.

Bai sake hawa ko matakalar ba. Ya ƙare sauran kwanakinsa a kujera kusa da taga, kuma duk lokacin da ta ɗauko maganar sai ya mayar da ita wasa, har ya rasu ba ta samu ya tsaya ya karɓi tubanta ba. Bayan rasuwarsa ta ba Direba tantabarun. Ya kwashe su ya kai nasa rufin, amma kullum la'asar sai su tsallako su sauka a inda kejinsu yake a da. Tana jin su daga shago, ta dakatar da keke har su yi shiru.

Wata rana Auta ta tarar da ita haka, ƙafa a kan keke, ido a rufi. Ta zauna kusa da ita ta dafa ta.

"Umma, ki daina ɗora wa kanki laifi. Kowa ya san so ne ya sa kika yi."

"Na sani," in ji Mai Labule. "Shi ya sa na rasa wanda zan yi wa faɗa."